Kujera Ɗaya a Teburin Laraba

A garinmu Bindarra, duk mai sana'ar da yake son ta ci gaba da numfashi ya san inda ake zuwa ranar Laraba da sassafe. Ɗakin baya ne na kulob ɗin tsofaffin nan masu mirgina ƙwallo a kan ciyawa, ɗaki mai warin giyar jiya da man suya. Nan 'yan kasuwar gari suke karyawa tare, kowa da farantin ƙwai da naman alade da burodin da ya riga ya huce, kowa da sunansa maƙale a ƙirji, sai ka ce ba tare aka yi firamare ba. Dokar wurin ba ta tanƙwaruwa: kowace sana'a kujera ɗaya. Lauya ɗaya, mai gyaran famfo ɗaya, mai shirya jana'iza ɗaya, dillalin gidaje ɗaya. In kujerar taka ce, duk aikin layinka da ya faɗo hannun sauran, kai za su miƙa wa. In ka rasa ta, sai ka koma ofis ka zauna kana zura wa waya ido.

Kujerar dillalin gidaje ta Noelene Tuckwell ce, tun kafin a rufe babbar mayankar bakin gari. Ta ba hamsin baya, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse birane, abin da ya rage mata shi ne ɗan ofishinta kusa da gidan waya da kuma wannan kujera. Kusan duk gidan da ta sayar a 'yan shekarun nan daga teburin ya fito. Lauya zai raɗa mata cewa aure kaza ya mutu, mai jana'iza ya ce tsohuwa wance ta cika kuma 'ya'yan ba masu dawowa ba ne. Ba sana'ar jin daɗi ba ce, amma ita ta iya. Duk Laraba, in aka ba ta minti ɗaya na tallar kai, jawabinta ɗaya ne, har mutane sun haddace suna taya ta ƙarasawa: sunana Noelene, in kun san wanda yake son tashi daga gidansa, ku turo mini shi.

Sai dai teburin ba na ci kawai ba ne. In an gama karyawa, Darryl Fenwick mai inshora, wanda shi ne shugaba kuma shi ke riƙe da 'yar ƙararrawar tagulla, zai kaɗa ta a bi layi, kowa ya miƙe ya faɗi wanda ya samo wa aiki a makon. Miƙo suke kiran abin. Kuma miƙo bai zama miƙo ba sai an faɗe shi a tsaye gaban kowa, da bayanin da zai isa a bi sawu. Wanda ka yi wa mutum ta waya ko a bakin titi, wannan zumunci ne, Allah ya ba da lada, amma kwamiti ba ya kallonsa. Wanda kuma aka ga yana ta ci ba ya miƙowa, to ranarsa na zuwa.

A da Noelene ce uwar miƙo. Duk wanda ya sayi gida yana neman mai fenti da mai motar kaya da mai makulli da mai inshora, har Darryl ya mai da abin kamar waƙa, wai gida ɗaya in ya motsa baki biyar ne ke ci. To amma gidajen Bindarra sun daina motsi. Allunanta suna nan kafe a ƙofofin mutane, rana ta ci hotonta har ta koma kamar fatalwa, ba mai saye. Watanni ke nan tana miƙewa ta ce babu, ta zauna. Ga kuma wani Brodie da ya buɗe ofishin dillanci mai gilashi a tsallaken titi, haƙoransa farare tas, duk Asabar yana buga golf da Darryl yana barin Darryl ya ci shi. Ko makaho ya san me yake nema.

A ƙarshe dai Darryl ya tare ta a wurin ajiye motoci, ya dafa mata kafaɗa. Ya ce shi fa ba shi da komai a ransa, shekara nawa suna tare, amma kwamiti zai zauna ƙarshen wata, kuma mutane sun fara magana. Ya ce ko guda ɗaya ta kawo, mai ƙwari, wanda zai haifar da aiki, shi zai san yadda zai rufe bakin kowa. Noelene ta yi masa murmushin sana'a ta ce ba komai. Da ta shiga mota ta daɗe riƙe da sitiyari ba ta tayar ba, tsoro ne ya kama ta, irin na wanda ya san in ya faɗi a wannan shekarun ba sake tashi.

Ranar Litinin da azahar Bronwen Sayle ta shigo ofishinta. Bronwen tana aiki a shagon magani, mace shiru-shiru mai saka riga mai dogon hannu ko da ana zafin da kwalta ke narkewa. Mijinta Warrick kuwa, kai, in ka zage shi a Bindarra sai a kore ka daga gari. Shi ne shugaban 'yan sa-kai masu kashe gobarar daji, shi ya fito da tsofaffi daga gidan kula da su a shekarar babbar wuta, shi ke gasa nama a duk bikin makaranta yana ba yara dariya. Bronwen ta rufe ƙofar ofis da kanta, ta zauna nesa da taga. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗan naɗe hannun rigarta, ta bar Noelene ta gani, ta sake saukewa.

Ɗaki take nema, in ji ta, ko yaya yake, a wani gari can bakin teku inda ba wanda ya san ta. Ta ji Noelene tana da abokiyar sana'a a can. Warrick zai tafi kamun kifi da abokansa ranar Alhamis da yamma, ba zai dawo ba sai Lahadi, kuma sau ɗaya yake irin wannan tafiyar a shekara. Ba kaya da yawa za ta ɗauka ba, gadon kwananta na ƙuruciya ne da akwatuna da keken ɗinkin mahaifiyarta, wanda ta rantse ba za ta bar masa ba. Mota take buƙata ranar Juma'a da safe, kuma ba ta isa ta kira kowa da wayarta ba, don kullum sai ya duba.

Nan take Noelene ta buga waya bakin teku, aka yi sa'a akwai ɗaki a bayan wani shagon wanki. Ta ce maganar mota kuma a bar mata, ita za ta shirya. Bronwen ta miƙe, ta kama hannun ƙofa, sai ta juyo.

"Noelene, ko inuwarki kada ta ji wannan maganar. In ya sani, ba zan sake samun wata ƙofar ba."

"Haba Bron. Cikina ba don abinci kaɗai aka yi shi ba. Je ki abinki."

Kuma har ga Allah da gaske take a lokacin. Ta ma ɗauki waya za ta kira Kev Doolan mai motar kwashe kaya, wanda shi ke da kujerar layinsa a teburin, ta latsa rabin lambar, sai hannunta ya tsaya. Aikin Kev ne ko ta yaya. In ta kira shi yanzu, zumunci ne. In ta bari sai jibi ta faɗa a tsaye, miƙo ne, mai ƙwari kuwa, tafiya mai nisa. Ai ba sai ta ambaci suna ba. Ta gaya wa kanta Bronwen ba ta rasa komai, mota dai za ta zo ranar Juma'a ko ta wace hanya. Haka mutum yake yi wa kansa huɗuba in yana son abu, kuma huɗubar kan shiga. Ta ajiye wayar.

Da ta shiga ɗakin ranar Laraba, abin da ta fara gani shi ne Brodie zaune kusa da Darryl, da takardar baƙo a ƙirjinsa. Ba a gayyato baƙo mai sana'a irin ta ɗan teburi, kowa ya san wannan, don haka kowa ya san me ake nufi. Mai famfo ya kau da kai. Lauya ya gaishe ta da fara'ar da ta yi yawa. Kev ne kaɗai bai canza ba, ya ja mata kujera yana cewa sarauniyar alluna ta iso, yau ma da yunwa za ta sallame su ko kuwa an yi ruwa a gonarta. Ta ce masa ya fara rage tumbin nan kafin ya yi maganar yunwa. Aka yi dariya, ta ɗan ji sanyi.

Aka yi zagayen tallar kai. Mai jana'iza ya yi barkwancinsa na kullum, wai shi ne kaɗai abokan cinikinsa ba sa dawowa da ƙorafi. Merv Hanlon, tsoho mai gyaran makullai, ya ce shi dai a bar ɓarayi su sarara, su ne iyayen gidansa. Aka ba Brodie dama a matsayin baƙo, ya yi magana kan hotuna daga sama da masu saye daga birni, kuma Noelene ta ga yadda mutane suke gyaɗa kai. Ƙwan da ke gabanta ya daskare ba ta taɓa ba. Sannan Darryl ya kaɗa ƙararrawa aka shiga miƙo, layi ya zagayo ya iso kanta.

"Ina da miƙo," ta ce. "Na Kev ne. Kaya za a kwashe ranar Juma'a da safe, har bakin teku."

Kev ya buga tebur ya ce ashe dai da rai a jikin tsohuwa. Wasu suka fara tafi, amma Darryl ya ɗaga hannu. Cikin murmushi ya tambayi sunan mai kayan. Ta ce mai kayan ba ya son a ambaci suna tukuna. Darryl ya ce ya fahimta, amma ita ma ta san doka, ita ce ma ta taya shi rubuta ta: miƙon da ba suna ba unguwa hayaƙi ne, ba a kama shi. Brodie yana shafa man shanu a burodi, a hankali, kansa a ƙasa, amma ta ga gefen bakinsa.

Sai ta ce titin Kiln. A ranta ta ce titi ne mai tsawo, gidaje sun fi a ƙirga.

Kev bai da wata manufa, aikinsa kawai yake tunani. Da abinci a bakinsa ya ce to wace mota zai kawo, don babbar ba ta shiga ko'ina a titin nan. Gida mai faɗin ƙofa ne, ko kuwa mai ƙuncin nan da bishiya ta tokare? Irin tambayar da ta amsa masa sau ba adadi ke nan, kuma bakinta ya riga hankalinta.

"Ƙaramar za ka kawo."

Gida ɗaya ne a titin Kiln da bishiya ta tokare wa ƙofa.

"Gidan Warrick ke nan," in ji Kev. "Ashe Warrick guduwa zai yi ya bar mu? Ɗan banza, ko a mashaya bai faɗa ba."

Da sauri Noelene ta ce ba a sanar ba tukuna, don Allah kada maganar ta fita. Darryl ya dafa ƙirji ya ce ai abin da aka faɗa a teburin nan, a teburin nan yake mutuwa, kowa ya sani. Ya kaɗa ƙararrawa, ya ce wannan miƙo ne na gaske, aka tafa mata sosai. Ta zauna tana jin tafin kamar daga wani ɗaki yake fitowa. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Ana tashi ta bi Kev ta cim masa a lungun banɗaki. Ta ce kada ya kira gidan, kada ya ce wa Warrick uffan ko a mashaya ko a ko'ina, ita za ta gaya masa lokaci. Kev ya fara wata zolaya, sai ya dubi fuskarta ya haɗiye. Sannan ya tambaya ko kayan mutum ɗaya ne. Ta gyaɗa kai. Ya ce ya ji, ba wanda zai ji daga bakinsa, kuma ba zai karɓi ko sisi ba. Ta fito tana ajiyar zuciya, tana ganin ta toshe ɓarakar. Kev kaɗai ta tuna da shi, don shi ta miƙa wa aikin. Ta manta da sauran bakunan da ke ci in gida ya motsa.

Darryl yana jingine da motarsa, yana sauke waya daga kunne. Ya yafito ta.

"Noels, miƙon nan naki akwai ɗan kuskure a ciki. Yanzu muka gama magana da Warrick, shi bai ma san da wata tafiya ba."

Shi kuwa ya ci gaba da bayani hankali kwance. Inshorar gidan a hannunsa take, da sunan Warrick, kuma duk wanda zai tashi dole a gyara masa takardu, har da na kayan da ke kan hanya. Shi kuma kullum abin da yake koya wa 'yan teburi ke nan, miƙo kamar burodi ne, da zafinsa ake ci, kafin wani ya riga ka. Ya ce da farko Warrick ya yi shiru har ya zaci layin ya yanke, sai kuma ya fashe da dariya, ya tambayi wace rana ce kuma ina aka nufa, ya yi godiya sosai. Mutumin kirki, in ji Darryl, ko haushi bai ji ba.

"Ka gaya masa ranar?"

"Juma'a da safe, yadda kika ce. To mene ne? Ai ban fitar da magana waje ba. Mai gidan na kira."

Da takalmin ofis ta yi gudu zuwa shagon magani, mace mai shekarunta, mutane na kallonta. Yarinyar da ke tsaron shagon ta ce ai yanzun nan Warrick ya zo ya ɗauki Bronwen, wai 'yarsu ta kira daga birnin Perth ba ta da lafiya, har kek ya kawo musu don ba da haƙurin ɗauke ta ana tsakiyar aiki. Noelene ta kira wayar Bronwen, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, daga baya ma aka kashe ta. Ta je ofishin 'yan sanda ta faɗi abin da ta gani a hannun matar. An saurare ta, ba a raina ta ba, har aka tura ɗan sanda gidan da rana. Ya dawo ya ce matar gidan da kanta ta fito ta ce lafiya lau, ba ta san zancen da ake yi ba, kuma in ita ba ta yi ƙara ba hannunsu a ɗaure yake. A bayan motarsa akwai jakar lemon tsami daga bishiyar Warrick.

Duk da haka ranar Juma'a suka tafi, ita da Kev a ƙaramar motar. Wauta ce, ta sani, amma ta maƙale wa tunanin cewa watakila ya tafi kamun kifin, watakila bai ɗauki maganar da gaske ba. Tun daga kwanar titin suka hango kwale-kwalensa a kan tirela cikin tsakar gida, lulluɓe da tamfol. A-kori-kurarsa kuma tana gicciye a bakin ƙofar mai ƙunci, ko keke ba zai wuce ba. Warrick yana tsaye da gajeren wando yana ba furanni ruwa. Ya ɗaga musu hannu kamar ya ga 'yan uwa.

Ya ce wa Kev an wahalar da shi a banza, ya shigo ya sha shayi mana. Ya ce wannan karon ya fasa zuwa kogi, bayansa ke ciwo, tsufa ya fara sallama. Can gefen shinge, inda ake tara shara kafin motar hukuma ta zo, Noelene ta ga keken ɗinki a kife, kansa a fashe, ƙafafun ƙarfen a lanƙwashe. Ba faɗuwa ce ta yi masa haka ba. Warrick ya ga inda take kallo, ya juya ya ƙwala wa matarsa kira, wai ta fito ga baƙi.

Bronwen ta daɗe kafin ta fito. A hankali take tafiya, hannu ɗaya a haƙarƙarinta, ɗayan yana bin bango. Ta tsaya daga cikin ƙofar raga, ba ta buɗe ba.

"Ba inda za ni, Noelene," ta ce. "Kuskure kika yi."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta harare ta ba. Da ma zagi ne da ya fi sauƙi. Kallo ɗaya ta yi mata, irin na wanda ya gama da kai kuma ya gama da kansa, sannan ta juya ciki. Warrick ya rako su har mota, ya riƙe wa Noelene ƙofa ta shiga, ya sunkuyo ta taga yana murmushi.

"Na gode da kulawa. Ran da na tashi sayarwa, ke zan kira."

Da suka dawo gari Kev ya sauke ta, abin da ya ce kawai shi ne, da ma ta waya ta kira shi tun farko. Ta ce ta sani.

Bronwen ba ta koma shagon magani ba. Aka ce ta ajiye aiki saboda rashin lafiya, mutane suna ta yaba wa Warrick yadda yake zuwa cefane da kansa. Abokiyar sana'ar bakin teku ta kira tana tambayar ko mai ɗakin tana zuwa, Noelene ta ce a ba wani. Abinci ya daina shiga mata. Ta tsani kanta, ta tsani Darryl, ta tsani ƙararrawarsa, ta tsani garin da kowa ya san ƙofar kowa amma ba wanda ya san abin da ke bayanta. Ta yanke cewa ba za ta sake taka ɗakin nan ba. Daga baya ta canza shawara: za ta je, in aka ba ta mintinta za ta miƙe ta faɗa musu abin da ta gani a hannun matar, da abin da su duka suka yi, ita ce kan gaba. In sun ga dama su ba Brodie kujerar, ya ci da lafiya.

Da wannan niyyar ta shiga ranar Laraba. Brodie ba ya nan. Aka kawo ƙwai, aka zuba kofi. Sai Darryl ya ce yau za a fara da godiya kafin tallar kai, don akwai labari mai daɗi. Al'adar ita ce in miƙo ya haifar da aiki, wanda ya ci sai ya tashi ya gode wa wanda ya miƙo, gaban kowa. Tsoho Merv mai makullai ya dafa tebur ya miƙe, yana goge baki.

Ya ce godiyarsa ta Noelene ce. Miƙonta na makon jiya bai yi wa Kev rana ba, amma ga shi ya faɗo a kansa. Warrick ya kira shi tun ranar, ya ce tunda har zancen gidansa ya fara yawo a gari, gara ya ƙara tsaro. Aiki ne babba, irin wanda bai samu ba tun bara: duk ƙofofi an canza musu makulli, irin wanda sai da ɗan makulli ake buɗewa ko daga ciki, an sa ƙarfe a tagogi, an sa kwaɗo a ƙofar shinge. Merv ya yi dariya ya ce abin da ya ba shi mamaki, mutum ya kashe wannan kuɗin amma ya yi rowar ɗan makulli.

"Guda ɗaya ya ce in yanka masa. Na ce to na uwargida fa? Ya ce ita ba ta fita kwanan nan."

Darryl ya kaɗa ƙararrawa. Ya ce wannan shi ne abin da yake faɗa kullum, gida ko bai motsa ba, in aka taɓa shi sai wani ya ci. Ya ce ba sai an jira ƙarshen wata ba, ya riga ya yi magana da 'yan kwamiti, kujerar dillalin gidaje tana nan inda take, a hannun mai ita. Ɗakin ya ɗauki tafi. Lauya ya miƙo hannu ya gaisa da ita, mai famfo ya bubbuga mata baya. Kev ne kaɗai hannuwansa suke ƙarƙashin tebur, idonsa a kanta, yana jira.

"To sarauniya, ke za ki buɗe mana yau," in ji Darryl. "Mintinki ya fara."

Ta miƙe. Duk maganar da ta shirya tana nan a kanta, ba ta manta ko kalma ɗaya ba. Ta dubi fuskokin, mutanen da suka ɗauki gawar mijinta, mutanen da abincinta ke hannunsu, kowa yana mata murmushi. Ta tuna ofishin gilashi na tsallaken titi. Kunya da tsoro suka haɗu suka danne ta, kuma tsoron ya fi nauyi. Ta buɗe baki.

"Sunana Noelene," ta ce. "In kun san wanda yake son tashi daga gidansa..."

"Ku turo mini shi," suka ƙarasa mata baki ɗaya, suna dariya.

Kev ya ture farantinsa ya fita, bai rufe ƙofa ba. Noelene ta koma ta zauna a kujerarta, Darryl ya kaɗa ƙararrawa, na kusa da ita ya miƙe.